Dajin da Ya Yi Ƙiba a Hannuna

Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Auta. Tarin nata ya lafa?

Ka tambayi maganar mayar da ni aiki kusa da ku. Ka san aikinmu: duk shekara mu zagaye itatuwa ɗari huɗu da igiyar awo, daga kaurinsu a gane yawan iskar kabon da dajin ya adana. Daidai ƙirji ake aunawa. Akwai sanda ta musamman don haka, amma ta ɓata tun kafin zuwana, kowa da ƙirjinsa yake aiki. Wanda na gada dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ofis. Ni kuwa ka san abin da ka aura. Itace kuma ta ƙasa ya fi kauri. A shekarata ta farko dajin ya yi ƙibar shekara goma, har aka ba mu lambar yabo. Sai jiya na gano dalili.

Taka,
Guntuwa

Maigida,

Ina gaisuwa. Yaya ciwon bayan?

Na gaya wa Darakta. Ya rufe ƙofa, ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in wani ya karɓi igiyar, dajin zai rame a takarda, masu ɗaukar nauyinmu su janye, a sallami masu gadi ashirin da uku, masu gawayi su shigo da gatari. Na san matan masu gadin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya yi alkawarin sa hannu a takardar canjin wurin aikina ranar da aka sami mai digiri daidai tsawona.

Shekara biyar a jami'a, ashe tsawona ake bukata.

Guntuwarka

Maigida,

Ina fata kun tashi lafiya.

Mata uku suka zo neman aikin. Ba a buɗe takardunsu ba. Darakta ya ja layi da fensir a bango daidai tsawona, ya tsayar da su. Ta ƙarshe ta kusa: yatsa uku ta ɗara ni, ko da ta cire takalmi. Na raka ta har bakin titi, ban san dalili ba.

Ka sa Auta a makarantar nan ta kusa da kai. Kuma don Allah ka daina ce mata zan dawo wata mai zuwa, ta fara iya ƙirga watanni. Litinin zan koma daji.

Ka shafa mini kanta.

Taka har kullum,
Guntuwa