Kyanwar Madam Comfort ta hana ni zuwa suna

Fatakwal, 9 ga Maris, 1998

Zuwa ga ɗana Mannir, a Bilbis.

Bayan gaisuwa, ya Innarka, ya jikin matarka Luba? Direban motar shanu ya kawo takardarka mai albishir ɗin haihuwa. Sau uku na karanta da kaina, na yi sujada a bakin ƙofa. Allah ya raya mana yaron nan.

Sai dai ba zan samu zuwa suna ba. Madam Comfort da nake yi wa gadi ta yi tafiya, ta bar mini amanar kyanwarta mai ciwon sukari. Likita ya ce ciwon ya taɓa jijiyoyinta. Tana jan ƙafafun baya, naman cinyarta yana ɓari ko tana barci. Allura ake mata safe da yamma, kuma ni kaɗai take yarda in riƙe ta. In na tafi, ba za ta kai ba.

Ni lafiyata lau. Tafin ƙafata ne ke mini kamar tafiyar tururuwa, ga yawan ƙishirwa, amma tsayuwa ce kawai.

Baffanka Attahiru ya tsaya a madadina. In an tambaya a masallaci, ka ce aiki ya riƙe ni. Innarka kaɗai za ka gaya wa kyanwa ce.

Mahaifinka,
Ɗanjuma