Kwarinmu a Taswira

Yaya Ibram,

Ina gaisuwa. Yaya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau nake a Yamai, tarin ma da sauƙi.

A biro, ofishin da nake shara, na ga taswirar da za a bi wajen raba rijiyoyi da lakwal, wato makarantu. An rubuta babu kowa a kwarinmu na Alakos, don masu ƙidaya sun zo kun tafi kiwo. Na ce kabarin Baba na can, mutanen biron suka ce ba a ƙirga kabari.

Masu ƙidaya za su dawo, ba su faɗi rana ba. In za ku tashi bana, ku bar Inna a bukka, don su iske mutum a kwarin. Na san abin da nake roƙo. Allah ya yafe mini.

Ƙanenka,
Tahiru