Rabin Kofin da Ka Bari a Filin Jirgi

Perth, 9 ga Agusta

Brodie nawa,

Ina gaishe ka da kewa. Ya jikinka, ya ciwon bayan nan? Ina fata kana samun barci a inda kake. Ni lafiya lau. Karenka ma lafiya, sai dai har yanzu a bakin ƙofa yake kwana.

Alhamis ɗin da ka tafi ta ƙi barina. Na kai ka filin jirgi kamar kullum, za ka koma mahaƙar ƙarfe, mako biyu can, ɗaya a gida. Maimakon ka sauka ka ɗaga min hannu, sai ka ce, "Ajiye motar, 'yar littafi, zo mu shiga mashaya mu sha giya kofi ɗaya kafin a kira jirgi." Shekara uku ba ka taɓa yin haka ba. Na ji kamar ni ce yarinyar cikin littattafan soyayyar da kake min dariya a kansu. Ina ta ba ka labarin wanda nake karantawa, kai kuwa kana kallon bakina. Da aka kira jirgin Karratha, garin da ke kusa da mahaƙar, ka tashi, ka bar rabin giyarka.

An gan ka ka sauka a can. Motar kamfani ce ba ka shiga ba. Yau wata biyar, 'yan sanda sun daina kirana.

Duk Alhamis ɗin da ya kamata ka dawo ina zuwa mashayar, in zauna a kujerarmu. Maza masu rigar aiki ruwan lemo suna wucewa, kowace ƙeya taka ce har sai mai ita ya juyo.

Ban san inda zan aika wannan wasiƙa ba. Zan sa ta a aljihun rigarka.

Taka,
Tahlia

23 ga Agusta

Brodie,

Gaisuwa. Allah ya sa kana lafiya. Allah ya sa kana nan ma.

Jiya abokin aikinka Macca ya same ni a mashayar. Na ba shi labarin kofinmu, ina murmushi. Sai ya ajiye nasa.

"Giya? A hanyar tafiya? Haba ƙanwata, sai dai a dawowa! Kafin ka taɓa aiki sai ka hura na'urar gwajin giya, ko ƙamshinta aka ji an sallame ka. Ko ni da nake sakarai ban taɓa ba."

Ashe tun kana zaune a gabana ka san ba aiki za ka ba. Sallama kake min, ni kuwa ina ba ka labarin wata da wani. Littafi nawa na karanta, Brodie, na kasa karanta fuskarka ta minti goma.

Ban san ko guduna ka yi ba, ko wani abu ne ya fi ƙarfinka. Na gaji da tambayar kujera. Na kai karen gidan mahaifiyarka, na sa hotonka a jaka. Alhamis mai zuwa zan hau jirgin Karratha.

Matarka,
Tahlia