Na Goya Baba a Birnin Rum

Daren Juma'a, watan Shawwal, unguwar Al-Shifa

Yau muka sauka Riyad daga Rum. Bayana kamar zai ɓalle, amma daɗi ya hana ni barci.

Kafin tafiya Sani abokin ɗakina ya yi ta yi min tsiya: "Kai da aka ɗauka turin keken tsoho, me za ka gani ban da ƙeyarsa?" Ga iƙamata, takardar izinin zama, ta kusa mutuwa, kafil, maigidan da ya kawo ni aiki, bai yi zancen sabunta ta ba.

Ranar ƙarshe Baba, mahaifin kafil, ya dage sai ya hangi birnin daga kan tudu. Matakalar dutse ce, keke ba ya hawa. 'Ya'yansa suka ce, "Halas, shi ke nan, mu koma." Na ga idonsa ya kawo ruwa. Kawai na durƙusa na goya shi, yadda nake goya kakana zuwa masallaci a Maradi.

Da muka kai sama, ga tsofaffin ƙubbobi iya ganinka, rana tana faɗuwa bayansu. Ya ƙanƙame wuyana yana ta Masha Allah.

Ɗazu kafil ya ce jibi za a sabunta iƙama, wai Baba ya ce ba mai tura shi sai ni.

Na nuna wa Sani hoton da aka ɗauke mu ina goye da Baba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe shi ya ga ƙeyarka."