Takardar Ɗiyar Fari

Nasarawa, Birnin Kebbi
6 ga Agusta, 1984

Zuwa ga uwargida Asiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Ina sanar da ke, ki kuma sanar da mutanen Argungu kaf, cewa tafiretata ta farfaɗo bayan doguwar suma. Man kekenki na ɗinki na ɗiga mata. In kin dawo sai ki kai ƙara.

Dalili kuwa, yarinyar nan ta gama makarantar nas ta dawo, kuma Ma'aikatar Lafiya a Sakkwato tana son kowa ya aika da takardar tarihin karatunsa da abin da ya iya, ya faɗi garin da yake so a tura shi. Ta durƙusa ta roƙi in buga mata. Ki duba wagga jarrabawa: ɗiyar fari, wadda tun ranar suna bakina bai kama sunanta ba, ga ni zan buga shi da manyan baƙaƙe. Na buga ina kallon rufin ɗaki. A ƙarƙashinsa na sa shekarar haihuwa da makarantun da ta yi, na zare takarda.

Maƙwabciyarmu Sista Paulina ta karanta, ta yi dariya har da dafa bango. Wai na kai albasa kasuwa na ƙi kwance bakin buhu. So take in rubuta cewa yarinyar ta zo ta ɗaya a ungozomanci, ta kuma karɓi haihuwar tagwaye a ƙauye ita kaɗai. Na ce mata yabon ɗan fari aikin maroƙa ne, ni kuwa malamin makaranta ne.

Wajen gari, ita Argungu ta ce, ni na buga Birnin Kebbi. Tun tafiyarki da azumi gidan nan ya yi mini yawa. Da la'asar nakan ji kamar dakanki, in leƙa, in tarar akuyar Paulina ce ke tunkuyin turmi. In yarinyar ma ta tafi, da wa zan riƙa yin shiru?

Mijinki,
Labbo

Nasarawa, Birnin Kebbi
15 ga Agusta, 1984

Uwargida,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Wasiƙarki ta iso. Kin ce ba ruwanki da maganar "waccan". Na gode, kin bar ni da kunyar mutum biyu.

Yarinyar ta karɓi takardar da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa a akwati. Ba ta aika ba. Sai ta bakin Paulina saƙonta ya zagayo, daga ɗakin da ke kallon nawa. Gurbi ɗaya ne a asibitin Argungu, masu so da yawa, kuma takarda mai kama da tawa ko kallo ba za ta samu ba. Inna ce ta yaye ta, ta goye ta, shi ya sa yarinyar take so ta rama goyo: ta riƙa kwana wurinta tana juya ta, da rana ƙanwarki Laure ta karɓa, ke kuma ki taho gida. Ta ƙara da cewa ta lura tuwona yana komawa kusan yadda ya zo. Ashe kuɗin makaranta na biya a koya mata sa mini ido.

Na rufe ƙofa na sake bugawa. Ban tambayi kowa komai ba. Sakamakon jarrabawarta, ƙauyen da ta yi aiki, sunan likitan da ya yaba mata, ashe duk suna nan a kaina, faɗa ce ban iya ba. Na yabe ta da Turancin da ko sufeto ban taɓa yi wa ba, na sa Argungu, na ba Maigandi direba ya kai Sakkwato.

Ki yi mana addu'a. Ni kam ban san wacce zan roƙa ba.

Mijinki,
Labbo

Nasarawa, Birnin Kebbi
19 ga Satumba, 1984

Uwargida,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Inna, amsa ta zo. An ba ta Argungu.

Ranar Asabar za ta taho a motar Maigandi, ke kuma ki biyo shi in zai juyo. Kada ki tsaya sallama gida-gida kamar mai tafiya Makka. Na sa an share ɗakinki, kajinki kuma sun ragu, bayanin wannan sai kin zo.

Na saya mata agogon hannu, irin wanda suke ƙirga bugun jini da shi. Na ba Paulina ta ba ta, a ce daga wani ne. Yanzu haka ina jin yarinyar tana haɗa kaya, tana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa, ba ta san ina ji ba. Na daɗe ina ɗokin motar da za ta kawo ki, ban lissafa da abin da za ta ɗauka ba.

In ta iso, ki ce mata takardar farko ni na yi kuskure. Ko kuma ki ba Laure ta faɗa mata.

Mijinki mai jira,
Labbo