Maɓalli a Cikin Auduga

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu nan alhamdu lillahi. Baban yara yana nan da mitarsa a kan ƙarar keken ɗinkina, Auta kuwa ta yi tsawo har ta fara satar mini takalma.

Yaya, wani aiki aka kawo mini wanda tunda nake ɗinki ban taɓa ganin irinsa ba. Maƙwabciyata nas ce ta shigo shago, ta ce in ɗinka mata mama na ƙyalle, in cusa auduga, in ɓoye maɓalli a ciki. Na yi dariya har da hawaye, na ce ko aikin asibitin ne ya fara taɓa mata kai? Ta ce da shi za ta koya wa mata yadda ake duba kai saboda sankarar mama. Kin san ni da bin ƙwaƙƙwafi, ban bar ta ta fita ba sai da ta nuna mini. Wai a tsaya gaban madubi a ɗaga hannuwa, a ga ko fata ta lotsa ko kan maman ya shige ciki. Sannan a shafa da cikin yatsu, a hankali, ana zagayawa har hammata, kowane wata bayan al'ada ta ɗauke.

To ni fa abin ya zame mini wasa. In ɗinka ɗaya, in rufe ido, in lalubo maɓallin. Har na ƙware, ina sa ƙananan da ko ita nas ɗin sai ta sha wuya. Rannan ina wanka na ce bari in gwada a jikina, in ga ko na iya da gaske. Yaya, sai na ji shi. A hagu, kusa da hammata, ɗan ƙullutu mai tauri, ba ya ciwo ko kaɗan. Wallahi sai da na zauna a kan bokiti.

Kada hankalinki ya tashi, na je asibiti. Likita ta ce yawancin irin wannan ba sankara ba ne, kuma na kyauta da na zo da wuri. Sun ɗebi kaɗan daga ƙullutun da allura, muna jiran sakamako. Amma ta yi mini tambayar da na kasa amsawa: ko akwai wadda ta taɓa yin ciwon a danginmu? Na buɗe baki zan ce babu, sai Inna ta faɗo mini a rai.

Ni ƙarama ce lokacin da ta rasu, cewa kawai aka yi ta yi jinya. Amma na tuna ta daina ɗaukata a gefe ɗaya. Na tuna kina kulle ƙofa idan za ki canza mata riga, kina wanke wasu tsummoki a bayan ɗaki, in na leƙo ki kore ni. Me ya sa hannunta ya kumbura? Ke kika yi jinyarta, Baba ya rasu, ba wanda zan tambaya sai ke. Na san asirinta kika rufa, Allah Ya saka miki. Amma ina jin tsoro, Yaya, kuma 'ya'ya mata gare mu, ni da ke. Likita ta ce amsar za ta nuna yadda za a riƙa sa mana ido. Don Allah ki gaya mini abin da kika gani a ƙarƙashin rigar nan.

Ki gaishe mini da maigida, da Babbar Yarinya, da ɗan rigimarki. Baban yara da Auta suna gaisuwa. Cikin ƙunshin nan, ƙarƙashin mayafin da na ɗinka miki, na sako mama ɗaya daga cikin na ƙyallen. In kin lalubo maɓallin, ki ajiye shi, ki rufe ƙofa ki duba naki, sannan ki ba ni amsa biyu, ta Inna da taki.

Taki ƙanwar,
Mai keke