Allon Hamsin a Bakin Gonata

Litinin, 6 ga Janairu, 2025
Farantin ƙarfen da nake tare ruwan kanal da shi ya juyo gonata ya ci tsatsa ya ɓurme. Yau ranar ruwana ce, amma ruwan ya wuce zuwa gonar maƙwabcina Lukmanu, tumatirina yana kallo. Na cusa buhun ƙasa, ya tafi da shi.

Alhamis, 9 ga Janairu
Da zan koma gida na tsaya a kwanar gadar kanal ina kallon allon nan da aka kafa bara. Zagayayye, bakinsa ja, an rubuta 50. Wai dokar ƙasa ce, duk inda hanya ta ratsa gari kada mota ta wuce kilomita hamsin a awa. Hamsin! Daga Kura zuwa Bunkure wa ke tafiyar hamsin, in ba wanda mansa ya kusa ƙarewa ba? Wani mai ƙaton tumbi ya zauna cikin sanyin ofis ya zaɓo lamba, an sa mata fenti, an ce an tsare rayuka. Shekara guda yana tsaye kamar maroƙin da ba a gayyata ba.

Na dai auna shi. Taƙi uku, daidai bakin magudanata.

Asabar, 11 ga Janairu
Na kwance shi da sifana, da rana tsaka. Motoci sun fi ashirin da suka wuce, ko mai juyowa babu. Ya zauna daram a bakin magudana, ruwa ya cika fangalaina kafin la'asar. Yau ne allon nan ya fara aiki tun da aka haife shi.

Talata, 14 ga Janairu
Yaya Hajara ta biyo gona ɗibar tumatirin miya. Ita da matan unguwa suke shanya gumin shinkafa a kafaɗar kwalta, gaba kaɗan da kwanar. Ta tsaya ta ƙura wa magudana ido.

"Dalhatu, wannan ba na kwanarmu ba ne?"

Na ce shi ne, ruwa ya fi direbobi jin maganarsa. Ta ce 'yan gida dai ba sa kallonsa, amma baƙi suna ɗan sassautawa, tana jin ƙarar na sauyawa in ta sunkuya tana baza shinkafa. Na yi dariya har da tari. Matar da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba!

Litinin, 20 ga Janairu
Tumatir ya yi fure, masha Allah. Har yau ba wanda ya zo cigiyar allo. Su kansu masu shi sun manta.

Asabar, 25 ga Janairu


Da hantsi wata ƙaramar mota ta shigo kwanar da gudu, ta ƙwace, ta bi ta kan shanya ta faɗa kanal. Ta kwashi Yaya Hajara. Ƙafar dama ta karye biyu, an wuce da ita asibiti Kano. Ni da Lukmanu muka fito da direban ta taga, ruwa iya ƙirji. Baƙo ne, malamin makaranta daga Zariya, zai je gaisuwar mutuwa.

Lahadi, 26 ga Janairu
Maganar direban nan ce ta hana ni cin abinci. Yana zaune a bakin kanal a jiƙe yana ta maimaitawa, "Wallahi ban san gari ba ne a gaba. Ban ga alama ba. Ni in na ga alama ina ragewa."

Ƙarya ce mana. Duk haka suke cewa. Wanda yake tafiyar ɗari da wani abu, fenti ne zai taka masa burki?

Lukmanu ya kalle ni lokacin.

Laraba, 29 ga Janairu
Na je duba Yaya Hajara. Ƙarafa a ƙafa, likita ya ce wata huɗu ba takawa, kuma ƙila da ɗingishi. Ɗakin cike da dangi, kowa yana zagin direba da gwamnati, wani ma ya ce ai ko allo babu a wajen. Na jira ta faɗi inda allon yake. Ba ta faɗa ba.

Da zan fita ta riƙo hannun rigata, a hankali yadda ba mai ji.

"Ƙanena, ruwan yana isar ka dai ko?"

Da ma zagina ta yi.

Asabar, 1 ga Fabrairu
Na samu murfin tsohon duro a wajen mai walda. Yana yoyo ta gefe, fangali biyu na ƙarshe ba su sha ba, ƙila in rasa su. Allon kuwa dama ya fara lanƙwashewa, ba wani amfani zai ƙara yi min ba, shi ya sa na mayar da shi kwanar. Wankewar da na yi masa da omo don laka ce kawai. Notocin ma na ɗaure su tamau ne don kada iska ta yar.

Na ɗan tsaya, ba don komai ba. Mota sha ɗaya ta wuce. Goma ko a jikinsu, kamar yadda na faɗa tun farko. Ɗaya, mai lambar wata jiha, na ji ƙararta ta sauka kafin ta kai wajen matan da ke shanya.

Ashe ana ji.